Jera Fokas a Hoton Daji da Duwatsu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa duk lokacin da masu kyamara suka zauna ana maganar hoton fili, wato irin wanda ake so tsakuwar da ke gaban ƙafarka da dutsen da ke can ƙarshen gani duk su fito tar. Na jera su daga na mafari zuwa na wanda ya riga ya gwada ya sha wuya. Lissafin da ke ciki na kyamara mai cikakkiyar sensa ne, mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara.

Mene ne jera fokas ɗin ma tukuna?

Lens ba ya iya sa fokas a wuri biyu lokaci guda. Tazara ɗaya ce tak take fitowa sosai, abin da ke gabanta da na bayanta kuma suna ta dusashewa a hankali. Yankin da ido yake yarda cewa ya fito, shi ake kira zurfin fokas.

A ce ka tsugunna a wata gona kusa da Madalla, ga ganyen gwaza rabin mita daga lens ɗinka, ga Dutsen Zuma a baya. In ka sa fokas a ganyen, dutsen ya yi dishi-dishi. In ka mayar kan dutsen, ganyen ya narke. Sai ka kafe kyamara wuri guda ka ɗauki hoto uku ko huɗu, kowanne da inda fokas ɗinsa ya faɗa: ganye, tsakiyar gona, dutse. A kwamfuta sai a tsinci inda ya fito a kowane hoto a ɗinke su su zama guda. Masu kyamara na ce masa fokas sitakin. Ni jera fokas nake cewa, kuma da shi zan ci gaba.

Me zai hana in matse ƙofar haske zuwa f/22 in huta da wannan wahala?

Kowa da wannan yake farawa, kuma tambayar tana kan hanya, domin matse ƙofar yana ƙara zurfin fokas da gaske. Ƙofar haske ita ce kafar da haske ke bi a cikin lens, kuma duk yadda lambar f ta ƙaru, kafar ƙara matsewa take yi. Sai dai haske yana da wata ɗabi'a: in ya bi ta ƙaramar kafa sai ya bazu, ɗigon da ya kamata ya sauka a sensa kamar tsinin allura ya zama ɗan faifai. Faɗin faifan yana tafiya da lambar f. A koren haske, yana kusan maikiron 11 a f/8 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kusan 15 a f/11, 21 a f/16, a f/22 kuma ya doshi 30. Fiksal ɗaya a kyamara mai megafiksal 24 maikiron 6 ne, a mai megafiksal 45 kuwa 4 da 'yan kai. Ka ga a f/22 ɗigo ɗaya na haske yana shafe fiksal biyar zuwa bakwai a jere. Komai zai shiga fokas, amma babu abin da zai fito da kaifi, kamar an shafa wa hoton man kaɗe.

Akwai ƙarin illa ga mu da ke aiki cikin ƙura. Duk ɗan datti da ke kan sensa, wanda ba ka ganinsa a f/5.6, a f/22 sai ya fito ɓaro-ɓaro a sararin sama kamar kashin ƙuda. Ga shi kuma hasken ya ragu, dole ka tsawaita buɗewar shota, wato labulen da ke buɗewa ya bar haske ya kai ga sensa, iska ta samu damar kaɗa maka ciyawa.

Wani zai ce ai a Amurka an yi ƙungiyar masu hoto a 1932 da ta sa wa kanta suna f/64, su Ansel Adams da Edward Weston, kuma hotunansu tar suke. Haka ne, amma fim ɗinsu babba ne, wani ya kai inci 8 da 10. Zurfin da f/64 ke bayarwa a wannan fim bai wuce abin da f/8 ko f/9 ke ba ka a taka kyamarar ba.

Yaya zan gane cewa wurin nan yana buƙatar jeri, ko hoto ɗaya ya isa?

Yawancin hotunan fili ba sa buƙata, wannan ita ce gaskiyar da masu sabon shiga ba sa son ji. In kana tsaye a kan Dutsen Dala kana ɗaukar birni, abu mafi kusa da kai ya fi mita goma, ka sa f/8 ka danna sau ɗaya ka wuce.

Ma'aunin shi ne tazarar da ake kira haifafokal. In ka sa fokas a kanta, daga rabinta har ƙarshen gani duk zai shiga. Lens mai milimita 16 a f/8, tazararsa kusan mita 1.1 ce, wato daga rabin mita da ɗoriya ka tsira. Mai milimita 24 a f/11, kusan mita 1.75, ka tsira daga santimita 90. Mai 50 a f/11, mita 7.6. Mai 100 kuwa mita 30, duk abin da ya fi mita 15 kusa ba zai fito ba. Saboda haka wuri biyu ne ake jeri: in ka kwantar da faffaɗan lens dab da wani abu, ko in ka ɗauko dogon lens kana son kuka ta kusa da tsaunin nesa su fito tare. Na biyun mutane sun fi mantawa da shi.

In ba ka son lissafi, ɗauki hoto ɗaya, ka zuƙo shi a allon kyamara har ƙarshe, ka duba ƙasan hoton da kuma samansa. Gani ya kori ji.

Wane kaya nake buƙata?

Mai ƙafa uku wanda ba ya rawa, shi ne kan gaba. Sai hanyar danna shota ba tare da taɓa kyamara ba: rimot, ko manhajar waya, ko ka sa ta jira daƙiƙa biyu. Kyamarar kuwa, duk wadda ke barinka ka sarrafa fokas da haske da hannunka ta isa, ko ta shekara goma sha ce. A kan rairayi, irin na Tulo-Tulo a Yusufari, ka danna ƙafafun su nutse sosai kafin ka fara, in ba haka ba za su riƙa zamewa kaɗan-kaɗan tsakanin hoto da hoto.

To yaya ake ɗaukar, daga farko zuwa ƙarshe?

Ka gama tsara hoton tukuna, ka bar ɗan sarari a gefuna fiye da yadda kake so, dalilin yana amsar da ta yi magana kan numfashin lens. Sa kyamara a M, wato yanayin da kai ke saita komai da hannu. Ƙofar haske f/8 ko f/11, ISO (ƙarfin jin haske na sensa) mafi ƙasa da iska za ta bari, launin haske kuma ka tsayar da shi wuri ɗaya, kada ka bar shi a otomatik. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba. Manufar ita ce kada komai ya canza tsakanin hotunan sai fokas kaɗai.

Fara da abu mafi kusa. Zuƙo shi a allo, juya zoben fokas har ya fito, danna. Sai ka duba hoton ka ga inda kaifin ya fara mutuwa, ka mayar da fokas ɗan gaba da wurin kaɗan ta yadda hoto na biyu zai hau kan na farko, kamar yadda ake jera kwanon rufi. Haka har ka kai nesa. A na ƙarshe kada ka dogara da alamar ƙarshen gani da ke kan zoben fokas, domin lens da yawa suna zarce ta. Ka zuƙo dutsen da kansa ka sa masa fokas.

Wata 'yar dabara: kafin ka fara da bayan ka gama, ɗauki hoton tafin hannunka a gaban lens. Ranar da ka dawo gida da hotuna ɗari huɗu masu kama da juna, hannun nan ne zai nuna maka inda kowane jeri ya fara da inda ya ƙare. Kuma ka yi sauri. A ƙasashenmu rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa, daga ɓacewarta zuwa duhu minti ashirin da 'yan kai ne, jerin da ya ɗauke ka minti uku sai ka tarar na farko da na ƙarshe haskensu ya bambanta.

Hoto nawa ake ɗauka?

Bai kai yadda ake zato ba. Masu ɗaukar ƙwari da ƙananan abubuwa su ne ke yin hamsin ko ɗari. A fili, biyu zuwa shida ne galibi.

Ga misali da lens mai milimita 24 a f/8, wanda haifafokal ɗinsa mita 2.4 ne. Fokas a mita 2.4 ya rufe maka daga 1.2 zuwa ƙarshen gani. Fokas a santimita 80 ya rufe daga 60 zuwa 120. Fokas a 48 ya rufe daga 40 zuwa 60. Wato abin da ke santimita 40 daga gare ka, hoto uku ya kai ka. Lura da yadda matakan suke cunkushe a kusa, suke buɗewa a nesa. A nan ne ake yin kuskure: mutum ya ɓata hoto huɗu a tsakanin mita biyar da dutse, ya bar giɓi a tsakanin santimita 50 da mita ɗaya.

Lissafin nan an gina shi ne kan ma'aunin zamanin fim, na hoton da za a wanke madaidaici a kalla a hannu. In kyamararka mai megafiksal da yawa ce, ko za ka buga shi babba a rataye a bango, ka ninka adadin. Hoton da ya yi rara ana sharewa. Wanda babu kuwa, sai ka sake biyan kuɗin mota zuwa duwatsun Riyom na jihar Filato.

Kyamarata tana da wannan a cikin menu. In dogara da ita?

Ƙwarai, in akwai. Olympus ta sa shi a E-M1 tun 2015, Nikon ta fara da D850 a 2017 da sunan Focus Shift Shooting, Canon kuma da EOS RP a 2019 da sunan Focus Bracketing. Fujifilm na da shi tun X-T2 da X-T3, Sony ta shigo da shi a A7R V a 2022. Aikinsu kusan ɗaya ne: ka sa fokas a abu mafi kusa, ka zaɓi faɗin mataki daga 1 zuwa 10, ka faɗi adadin hotuna, ita kuma ta riƙa turawa zuwa nesa. Amfaninta babba shi ne sauri, abin da zai ci maka minti biyu ta gama a daƙiƙu kaɗan, kuma ba ka taɓa lens ba.

Abu biyu za ka kiyaye. Lambar matakin ba mita ba ce ba santimita ba, kuma 4 a Nikon ba 4 ba ce a Canon, don haka ka gwada a tsakar gida ka san taka, ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, ɗauka daban, haɗawa daban. Nikon ɗauka kawai take yi. Wasu Olympus da Canon irin R7 suna haɗawa a ciki, amma JPEG suke ba ka, ka adana RAW ɗin. Kuma kullum ka duba hoton ƙarshe ka tabbata ya kai dutsen, domin in adadin da ka sa ya ƙare a hanya, tsayawa za ta yi ba ta ce maka komai ba.

Iska tana kaɗa ciyawa, ruwa yana gudu. Ya zan yi?

Wannan ce babbar matsalar jera fokas, ta fi ta manhaja nesa ba kusa ba. In zangarniyar gero tana hagu a hoto na ɗaya, tana dama a na biyu, manhaja za ta ba ka zangarniya biyu, ko ɗaya da fatalwarta. Na taɓa ɓata yammaci guda a gindin Kufena a kan wata ciyawa mai jan kai, na ɗauki jeri goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da ya haɗu. Washegari bayan asuba na koma, iska kwance, jeri ɗaya ya wadatar.

Maganin farko kenan, sammako. Na biyu, ka rage adadin hotunan: matse zuwa f/13 ko ma f/16 ka yi biyu maimakon shida, ɗan laushin da aka yi bayani a amsar f/22 ya fi fatalwar ciyawa sauƙi. Na uku, ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 a hoton gaba don shota ta yi sauri, ka yi ƙoƙari duk abin da ke motsi ya faɗa cikin hoto guda.

Ruwa ya fi sauƙi. A magangarar ruwa ta Gurara da damina, in ka bar shota rabin daƙiƙa ruwan zai zama fari sumul a kowane hoto, sai ka ɗauko shi gaba ɗaya daga hoto ɗaya, duwatsun kuma daga sauran. Haka gajimare, daga hoton nesa kaɗai za ka ɗauko sama. Wannan aikin hannu ne, duba amsar haɗawa da hannu.

Na jera daidai, amma dutsen nesa bai fito tar ba. Ina kuskuren?

Wataƙila babu kuskure a wurinka. Tsakaninka da dutsen akwai iska mai nisan kilomita da yawa, kuma fokas ba ya ratsa ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana cinye duk wani kaifi na nesa. Da bazara kuma, da rana ta take, zafin ƙasa yana sa iska rawa, wannan kawalwalniya da ake gani a kan kwalta, dogon lens kuwa ƙara girmanta yake yi. Babu jerin da zai gyara waɗannan. Lokacin da nesa ke fitowa fes shi ne safiyar da ta biyo bayan ruwan sama, da kuma farkon kaka kafin buji ya taso.

In sararin garau yake amma duk da haka bai fito ba, koma kan hoton ƙarshe shi kaɗai kafin haɗawa. Ko fokas ya zarce, ko bai kai ba, kamar yadda aka faɗa a amsoshin baya.

Da wace manhaja ake haɗawa?

Wadda aka fi samu a hannun mutane ita ce Photoshop. Ka fara gyara hoto ɗaya a RAW, ka kwafe gyaran a kan sauran daidai wa daida. Ka buɗe su a fayil guda, kowanne a leyarsa, ka zaɓe su duka, ka danna Auto-Align Layers don su hau kan juna, sannan Auto-Blend Layers ka zaɓi Stack Images. Lightroom ba ta haɗa fokas da kanta, miƙa wa Photoshop take yi. Affinity Photo tana da nata mai suna Focus Merge.

Waɗanda aka ƙera musamman don wannan aiki su ne Helicon Focus da Zerene Stacker, kuma sun fi Photoshop iya rassa da ganyayyaki masu sarƙaƙiya. Kowacce tana da hanya fiye da ɗaya: a Helicon akwai A, B da C, a Zerene akwai PMax da DMap. B da DMap sun fi riƙe launi da santsin sama, C da PMax sun fi kama siraran abubuwa masu giciye da juna amma suna ƙara hatsi-hatsi. Mai Canon yana da Digital Photo Professional kyauta, mai haƙuri da rubuta umarni kuma yana da Hugin da Enfuse, su ma kyauta.

Ka tuna da nauyin kwamfutarka. Hoto ɗaya mai megafiksal 45 a TIFF mai bit 16 ya haura megabait 250, shida sun wuce gigabait ɗaya da rabi. Ƙaramar laftof za ta yi nishi, in kuma wuta ba tabbas, ka riƙa adanawa a kowane mataki.

Yaushe ya fi kyau in haɗa da hannu?

In hotunan biyu ne ko uku kuma filin shimfiɗe yake daga ƙafarka zuwa nesa, hannu ya fi. Photoshop tana da halin tsinto ɗan yanki daga hoton da bai dace ba, musamman a sama ko a kan ruwa inda babu abin kamawa, sai ka ga tabo-tabo. Da hannu kuwa, bayan Auto-Align, sai ka ɗora hoton kusa a kan na nesa, ka sa masa mas (mask), wato mayafin da ke ɓoye duk inda ka shafa wa baƙi, ka ɗauki buroshi mai laushi ka goge da baƙi duk inda na ƙasa ya fi fitowa. Ɗinkin ka bi da shi ta inda hotunan biyu duk suka fito, shi ya sa aka ce su hau kan juna tun a fili. Ni ko na bar wa manhaja, sai na bi hoton lungu-lungu a zuƙe ɗari bisa ɗari kafin in yarda da shi.

Me ya sa hotunan ba su zo girma ɗaya ba, alhali ban motsa kyamara ba?

Numfashin lens kenan. Yayin da fokas ke tafiya daga kusa zuwa nesa, faɗin abin da lens ke gani yana ɗan canzawa. Manhaja za ta daidaita su, amma gefuna za su lalace, dole a yanke. Abin da ya sa aka ce ka bar sarari tun wajen tsarawa.

Wani dishi-dishi yana kewaye furen gaba kamar wata ya yi sansani. Mene ne shi?

Wannan ba laifin manhaja ba ne, daga lens yake. A hoton da fokas ke kan dutse, furen gaba ya narke ya kumbura, ya rufe wani siririn yanki na bayansa. A hoton da fokas ke kan furen kuma, wannan yankin yana nan amma bai fito ba. Ka ga babu hoto ko ɗaya da yankin ya fito a cikinsa, manhaja ba ta da inda za ta ɗauko. Yana tsananta in abin gaba yana dab da lens, bayansa kuma yana da nisa sosai, ba komai a tsakani.

A fili ake rage shi. Ka ja baya taki ɗaya, ko ka ƙara hoto ɗaya na nesa a f/16 don kumburin ya ragu, ko ka sauya tsayin kyamara yadda furen zai jingina da ƙasar da ke kusa da shi maimakon sama ko tsauni. Abin da ya saura sai a bi shi da kwafe daga gefe, a hankali.

Zan iya da waya?

Lens ɗin babbar kyamarar waya gajere ne, milimita 4 zuwa 7, don haka zurfinsa da yawa, galibi ba ka buƙata. Sai in ka kusanci abu ƙasa da mita ɗaya ne bayan zai narke. A nan sai ka kafe wayar, ka shiga yanayin Pro in tana da shi, ka tura fokas da hannu. A Android, manhajar Open Camera tana jera fokas da kanta a wayoyin da suka ba ta dama.

Hoton da aka ɗinke daga hotuna shida, ba ha'inci ba ne?

Idonka ma haka yake yi, yana duban kusa ya duba nesa, ƙwaƙwalwa ta haɗa. Ba ka ƙara dutsen da babu ba. Amma aikin jarida yana da tasa doka: gasa irin World Press Photo hoton da aka ɗauka a danni ɗaya take karɓa. Gasannin hoton daji da yawa sun yarda da jeri in ka bayyana. Ka karanta sharuɗɗa, ka kuma ajiye RAW ɗinka duka.

Akwai hanyar samun wannan kaifi a danni ɗaya?

Akwai, lens mai karkata, irin TS-E na Canon da PC-E na Nikon, duka suna da mai milimita 24. A lens na yau da kullum, yankin fokas tsaye yake a gabanka kamar bango. In ka karkatar da lens ƙasa kaɗan, sai bangon ya kwanta ya bi shimfiɗar ƙasa, daga tsakuwar gabanka har gindin tsauni. Ana danganta ƙa'idar da Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya. Da yake danni ɗaya ne, iska ba ta dame ka ba, shi ya sa ya dace da gonar shinkafa ko tudun rairayi.

Inda yake gazawa shi ne wurin da abu dogo yake tsaye kusa da kai. Ƙasa za ta fito, amma kan giginyar da ke mita uku ya fita daga yankin ya narke. Ga tsada, ga shi fokas ɗinsa da hannu ne kawai. A wuri irin Riyom, inda duwatsu ke ɗaure a kan juna daga gabanka har sama, ko mai wannan lens ɗin jeri yake komawa.